Kafin yara su shiga mota, ki shafa tayar

Uwargida, na san ba ke aka ɗora wa kula da mota ba. Maigida ne ke kai ta gareji, ke naki shirya yara da ƙunsa guzuri. Amma ke da 'ya'yanki ne a kujerar baya ranar da za a je biki Maradun ko gaisuwa Bakura, kuma kin san halin da hanyoyinmu ke ciki a 'yan shekarun nan: ba mai fatan taya ta fashe masa a daji bayan la'asar. Duba taya aikin minti biyu ne, kina jiran yara su sa takalmi.

Inda taya ta cinye shi ke nuna ciwon motar. Ki durƙusa ki dubi zanenta. In gefe biyu sun suɗe amma tsakiya na nan, an daɗe ana tafiya da ita ba isasshiyar iska. Wannan ta fi ba ni tsoro, don irin wannan taya zafi take ɗauka, balle a kwaltar Gusau zuwa Sakkwato a watan Afrilu. In kuwa tsakiyar ce ta suɗe, iska ta yi yawa, aikin mai facin da ke durawa har sai taya ta zama dutse. Adadin da motar ke so yawanci yana manne a bakin ƙofar direba. Ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 ne a geji, kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

Wadda ta fi iya ɓuya ita ce mai cin gefe guda, musamman na ciki. Daga waje garau take, can ciki kuwa har waya ta leƙo. A murɗa sitiyari zuwa ƙarshe, a kashe mota, sannan ki zura hannu ki shafa, a hankali dai, wayar na yanka. Saitin ƙafafun motar ne ya goce, abin da makanikai ke kira alaimen, kuma rami ɗaya da aka faɗa da gudu ya isa ya jawo shi. Sau da yawa za ki ga motar na rinjaya gefe, direba na ta fama da sitiyari. In kuma tafinki ya ji tudu da kwari a kewayen tayar, shokozoba ce ta gaji, tayar tsalle take yi a kan titi.

Akwai kuma lodi. Ƙanina yana ɗauko buhunan shinkafa daga gonakin Bakolori zuwa kasuwar Talata Mafara, kuma tayar baya ta dama ce kullum ke rigan sauran mutuwa. Sau biyu ya sauya ta cikin shekara guda, yana zagin masu sayar da taya. Ashe buhunan ne ake jibgewa gefe ɗaya, har sufirin ɗin wajen ya kwanta. A Amurka masu motocin nan da ke da gado da kicin a ciki sukan hau sikeli a auna nauyin da ke kan kowace ƙafa, don tankin ruwa ko firiji kan danne gefe guda. Mu ba mu da sikelin, amma muna da ido: ki tsaya bayan mota bayan an gama lodi ki ga ko ta karkata.

Shi ya sa in Maigida ya ce zai sayo sabuwar taya, ki lallaɓa ki ce a fara gyara abin da ya cinye tsohuwar, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi, kuɗin cefane ne kawai zai tafi. In kuma ta hannu ce, 'yar Beljiyam, a karanta shekarunta. A jikinta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar roba takan tsattsage ko da zanenta bai taɓu ba. Kafin a tashi kuma a buɗe but a danna safaya, a tabbatar jak da sifana suna ciki.