Mai Zuwa Alƙahira, Tambayi Unguwa Kafin Ka Biya Kuɗin Otal

Maganata yau da 'yan'uwanmu masu zuwa Alƙahira ce, ko don ganin likita, ko rakiyar mara lafiya, ko kuwa don a ɗan sarara na 'yan kwanaki. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai biya kuɗin jirgi masu yawa, ya je ya dawo, in ka ce "Alhaji, me ka gano?" sai ya lissafa maka asibiti da babban kanti da ɗakin kwanansa. Sau da yawa masaukin da ya zaɓa ne ya cinye masa lokaci.

Mun saba zaɓen otal da hoto: gado mai laushi, taurari huɗu, wurin wanka. A Alƙahira tambayar farko ita ce, a wace unguwa yake? Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma cunkoson motocinsa kan mayar da tafiyar minti ashirin ta koma ta awa guda da wani abu. Yawancin mutanenmu a Madinatu Nasr suke sauka, kuma suna da hujja: ba ta da nisa da filin jirgi, ɗalibanmu na Azhar suna nan, za ka samu mai yi maka tafinta da mai dafa maka tuwo. Mara lafiya da mai jinyarsa su zauna kusa da asibitinsu, wannan babu ja. Amma wanda ya je buɗe ido ya sani cewa Madinatu Nasr tana gabashin birni ne, dalolin Giza kuwa suna yamma, tsallaken kogin Nilu. Sai ka ratsa garin kaf kafin ka kai.

Ni dai shawarata tsakiyar gari, wajen dandalin Tahrir, inda suke kira Wusɗul Balad. Gidan tarihin da aka buɗe a 1902 yana bakin dandalin, da ƙafa za ka je. Tashar Sadat ta jirgin ƙarƙashin ƙasa tana nan, jirgin da ya fara aiki tun 1987, kuma akwai taragon da aka keɓe wa mata, abin da zai kwantar wa Hajiya hankali. Sai dai a kula. Ƙananan otal-otal da yawa a wannan yanki hawa ɗaya ne ko biyu a cikin tsohon bene. Kafin ka tura kuɗi ka tambaya: lif yana aiki? Tagar ɗakin titi take kallo? Direbobin garin ba sa gajiya da danna hon har tsakar dare. Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji da karin kumallo? Mai tafiya da dattijuwa ko mai ciwon gwiwa, tambayar lif ta fi masa yawan taurari amfani.

Dalolin Giza kam a je da sassafe kafin rana ta take, a kuma gama ciniki da mai raƙumi kafin a hau.

Inda nake so a ba wa yini guda cur shi ne tsohon birni. Ka fara da masallacin Azhar, wanda aka gama gininsa a 972. A nan aka taɓa ware wa ɗaliban Borno nasu sashe na kwana da karatu, shaidar cewa tun kafin a san jirgin sama mutanen ƙasarmu suke keto hamada don neman ilimi. Ka tsallaka titi ga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. Daga nan ka bi titin Mu'izz a ƙafa, wanda ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, kar ka yi sauri. A kan wannan titin ginin Sarki Ƙalawun yake, wanda aka kammala a 1285, kuma a cikinsa har da asibiti da aka yi waƙafi don jinyar jama'a. Duk wanda ya zo Masar neman magani ya kamata ya tsaya a wannan ƙofar ya yi tunani, ya ga tun yaushe garin nan yake karɓar marasa lafiya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne malamai. Imamu Shafi'i a Alƙahira yake kwance, ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira. Jalaluddin Suyuɗi ma a nan aka binne shi a 1505. Wannan fa shi ne ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta Tafsirin Jalalaini, littafin da ake jan baƙi ana fassarawa a masallatanmu duk watan azumi, kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ka yi shekara da shekaru kana sauraron tafsirinsa a Kano ko Damagaram, ka zo garinsu, sannan ka koma ba ka ko taka unguwannin da ya yi karatu ya karantar ba? Wallahi wannan asara ce.

In da sauran ƙarfi, ka hau jirgi daga Sadat zuwa tashar Mar Girgis. Masallacin Amru ɗan Asi yana kusa, shi ne masallaci na farko da aka gina a Masar. Safiyar Juma'a tituna kan yi sauƙi, sai ka je da wuri ka samu sahu.

Don Allah duk mai ɗan'uwa da ke shirin wannan tafiya, ya tura masa wannan rubutu kafin ya kama ɗaki. Ku kuma ɗalibanmu da ke can, in baƙo ya sauka a hannunku, ku taimaka ku kai shi titin Mu'izz ko da yamma ɗaya ce. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.