Ayarin Kantabari

Duk wanda ya taɓa hawa tirelar shanu daga Arewa zuwa Fatakwal ya san cewa hira ce ke rage nisan hanya. Mu mazauna Trans-Amadi haka muke ganin direbobi da 'yan kamasho suna sauka, kowa da labarin da ya kwaso a hanya. Shi ya sa da na samu zuwa Ingila na matsa sai na ga Kantabari, garin da marubuci Geoffrey Chaucer ya kora ayarin masu ba da labari zuwa gare shi a littafinsa shekara sama da 600 da suka wuce.

Daga tashar St Pancras a Landan jirgin ƙasa ya kai ni cikin kamar awa guda. Mutanen Chaucer kuwa kwanaki suke yi a kan dawaki, daga masaukin Tabard da ke Southwark. Su kusan 30 ne: jarumi, mai niƙa, likita, 'yar kasuwa daga Bath wadda ta yi aure sau biyar. Mai masaukin, wato fatoman ayarin, shi ya kafa sharaɗi: kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda ya fi iya zance a ciyar da shi kyauta. Chaucer ya rasu a 1400 bai kammala ba, labarai 24 ya bari.

Abin da ke jan su shi ne kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin Kantabari, wanda jarumai huɗu na Sarki Henry na Biyu suka sare a cikin majami'ar ranar 29 ga Disamba, 1170. Na tsaya a wurin da aka kashe shi, sannan na hau matakalar da ke kaiwa inda kabarin yake a da. Duwatsun sun lotsa a tsakiya, sun yi santsi, saboda sawun masu ziyara na ɗaruruwan shekaru. Ba a cike su da siminti ba, ba a canza su ba, an bar su yadda ƙafafu suka sassaƙa su. Wannan kula ta burge ni matuƙa. Sarki Henry na Takwas ya rushe kabarin a 1538, amma tagogin gilashi masu launi, masu nuna marasa lafiyar da suka zo neman waraka, suna nan tun ƙarni na 13.

Na fi girmama Chaucer kan abu guda. A zamaninsa Faransanci da Latin ne harsunan fada da ilimi, shi kuwa ya zaɓi Turancin da ake ciniki da shi a kasuwa, ya sa mai niƙa da mai dafa abinci suka yi magana da bakinsu. A daidai wannan ƙarni Sarki Yaji ke mulkin Kano, Wangarawa suna shigowa da littattafai. Ilimin Musulmi ma ya riga ya isa Ingila: da Chaucer zai yabi likitan ayarin, cikin malaman da ya ce ya karanta har da Razi da Ibn Sina da Ibn Rushd, kuma littafin da ya rubuta wa ɗansa Lewis kan na'urar auna taurari, usturlabi, ya dogara ne da aikin da aka fassaro daga Larabci.