Wa Zai Tarbi Kawu?

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ba a cika ambatonsa a gidanmu ba. Ɗan daudu ne. Tuwo da miyar taushe yake sayarwa a bakin tasha, yana ɗaura zane a ƙirji, abokan sana'arsa kuma "ke" suke ce masa, da sunan mata suke kiransa. Tun ina ƙarami na koyi sauya hanya in na hango shi ina tare da abokai, duk da cewa sau biyu kuɗin tuwon nan ne suka saya mini kayan lakkwal.

A ƙarshen 2019 aka ɗaure shi wata goma sha takwas kan kuɗin adashi da suka salwanta a hannunsa. Ban ce ba shi da laifi ba. Amma yana da ciwon suga, ga fuka da ke tayar da shi tsakar dare. Inna ce ke dafa abinci a ɓoye, ni kuma in hau kabu-kabu in kai masa gidan kaso kowace Asabar. A can na gane cewa ɗaurinsa biyu ne. Ɗakin cike yake maƙil, shi kuma an tura tabarmarsa kusa da bokitin fitsari, don ba mai son kwana kusa da shi. Yana yi wa wasu wanki don su ƙyale shi. In numfashinsa ya sarƙe, sai a ce iyayi ne irin nasu na mata.

Ran 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Aka rufe makarantu, aka hana mu ziyara. Rediyo na ta cewa a bar tazarar mita guda, a wanke hannu da sabulu, kuma masu suga da ciwon numfashi su ne cutar ta fi yi wa illa. Na zauna ina lissafi: ina mita guda a ɗakin da in mutum zai juya sai na kusa da shi ya juya?

Ran 27 ga wata shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa ƙasa jawabi, ya sanar da afuwa ga fursunoni 1540: tsofaffi, masu ciwon da ba ya warkewa, da waɗanda abin da ya rage musu bai kai wata tara ba. A fadarmu ta shayi ba abin da ake tattaunawa sai Hama Amadou, wanda shi ma afuwar ta shafa. Ni ko suna ɗaya nake jira. Bayan kwana uku wani abokin sana'ar Kawu ya yi sallama a ƙofar gida ya ce sunansa ya fito.

Na ɗauka murna za a yi. Ashe mai gidan hayarsa ya riga ya zuba wasu a ɗakin, tasha kuma ba ciniki. Da dare Baba ya ce, "Gwamnati ta sake shi, to gwamnati ta ba shi wurin kwana. Ni ba ya shigo mini gida, mutane na kallo."

Inna ba ta saba mayar wa Baba magana ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Malam, ciki ɗaya munka hito da shi. In ya mutu bisa titi, su mutanen da kake jin kunya, su za su zo maka gaisuwa. Mi za ka ce musu?"

Baba bai amsa ba. Da asuba ya miƙo mini makullin shagon da ke zaure, bai dube ni ba, ya ce, "Ka share shi."

Ni na je tarbarsa. Ya fito riƙe da leda, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wani daga cikin masu jiran ƴan'uwansu ya ce, "Har da irin waɗanga anka saki?" Na ji tsohuwar kunyar nan ta taso mini. Saura kaɗan in matsa gefe kamar ban san shi ba. Sai ya yi tari, irin wanda ke durƙusar da mutum, na ga ba mai riƙe shi sai ni. Na riƙe shi.

Ƴan'uwa ɗalibai, ba na rubuta wannan don in ce ku yarda da rayuwar Kawu ba. Ni kaina har yau akwai abin da ban fahimta ba, kuma na san abin da malamanmu ke faɗa. Abin da nake cewa ƙarami ne. Alƙali wata goma sha takwas ya yanke masa, bai yanke masa mutuwa ba. Takardar afuwar nan ta tambayi shekarun mutum da ciwonsa, ba ta tambayi yadda yake tafiya ko yadda yake ɗaura zane ba, kuma nan ne ta fi mu adalci. Da an bar wa fadarmu rubuta sunayen, na san wanda za mu tsallake, muna dariya.

Wata huɗu ya yi a zaurenmu. Ni ke sayo masa maganin shaƙa a farmasi, jaka biyu da wani abu, daga kuɗin da yake samu yana soya ƙosai a ƙofar gida. Baba bai taɓa zama hira da shi ba. Amma wata rana da azumi na ga ya aika ƙanina da kwanon fura, ya ce a kai zaure, kuma a gaya masa ba a sa sukari ba.