Minti Biyar A Bakin Rami

Akwai wani dattijo a bayan garin Bukuru, kudu da Jos, wanda har yau 'yan haƙar kuza ke kira helima, ko da yake kamfanin da ya ba shi wannan muƙami ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Kowace safiya, kafin kowa ya kama igiya, sai ya tara samarinsa a bakin rami ya yi musu magana ta minti biyar. Ba ya ƙarawa, ba ya kuwa tsallake rana.

Shi dai wannan dattijo ya ga jiya ya ga yau. Ya fara ɗaukar kwanon sarki ne a zamanin da manyan kamfanoni irin su ATMN, wanda aka kafa a 1939, ke yaye ƙasa da injuna tun daga Bukuru har Barikin Ladi. Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar Landan cikin 1985, kamfanoni suka durƙushe, sai talakawa suka dogara ga loto, watau a haƙa rami kamar rijiya, in an tarar da tsakuwa mai kuza a bi ta ta gefe a ƙarƙashin ƙasa.

A irin wannan rami ne ya rasa ƙanensa wata damina. Da safe ya lura bango ya tsage, amma ya yi shiru, yana zaton kowa ya gani. Kafin azahar ƙasa ta rufta. Tun ran nan ya yi alkawari ba zai sake yin shiru ba.

Magana ɗaya tak yake ɗauka kowace rana, domin ya san kan mai yunwa ba ya riƙe dogon wa'azi. Yau igiya, a bi ta da hannu a duba inda ta ci. Gobe bango, musamman bayan ruwan dare. Jibi injin jan ruwa, kada a kuskura a sauke shi ciki, gama a cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana tsammanin gajiya ce. Sa'an nan ya ƙidaya masu sauka, don ya san ko nawa zai jira da yamma. Daga ƙarshe sai ya ce wa ƙaramin cikinsu, "Kai yaro, maimaita abin da na faɗa."

Wasu samarin kan yi gunaguni, su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shi kuwa ya kan amsa musu, "Haka ne, 'ya'yana, amma in kunne ya ji, jiki ya tsira."

To, jama'a, gwamnati ta kafa dokar ma'adinai a 2007, amma ba ta yiwuwa a tsayar da jami'i a bakin kowane rami. Helima kuwa kullum yana nan. Hular kwano da takalmi sai da kuɗi, minti biyar kuwa kyauta ne, saboda haka duk mai shugabantar leburori, ko a wurin fasa dutse ko a wurin gini, ba shi da uzuri. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.