Karen Amana

Lokacin fari na shekarar 1984, makiyayan jahar Tawa da yawa sun yi kudu neman ciyawa. Ɗayansu ya bar kwikwiyo, irin na Azawak, a hannun wani manomi. Ya ce: "Abokina, riƙe mini shi amana, ba ya iya doguwar tafiya."

Manomin ba ya son kare. Hatsi ma bai ishi gidansa ba. Amma amana amana ce.

Kullum yana rage masa tuwo. Suna ɗaya yake kiransa da shi. In ya zo, sai ya ba shi ƴar loma. In ya kori akuya, sai tsawa, ban da duka. Cikin awaki yake kwantar da shi, har suka saba. Ya kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi masa allurar haukan kare. Da ya girma, dila ya daina ɗaukar ƴan awaki.

Da ruwa ya sauka, mai kare ya komo. Maƙwabta suka ce: "Kai ka ciyar da shi, hana shi!" Manomin ya miƙa igiya, idonsa cike da hawaye.

Tun daga ranar, duk kwikwiyon da aka yar a garin, gidansa ake kai shi.