Barcin da ba barci ba

Ni manomi ne, garinmu yana cikin ƙasar Mayahi. Shekara 3 na yi ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci da dare. Yau na ɗauki alƙalami don in ba ku labarin ɗiyata auta, da abin da ya same ta a daminar 2022. In kana da ƙaramin yaro a gida, ka karanta a hankali. In maƙwabcinka bai iya karatu ba, ka karanta mishi.

Watan Agusta ne. Kun san watan. Hatsi ya fid da kai amma bai nuna ba, rumbu ya kusa ƙarewa, sauro ko kamar a ɗiba da ƙwarya. Auta tana da shekara 3, an daɗe da yaye ta. Ranar Talata masassara ta kama ta. Ta ƙi tuwo, ta ƙi fura. Ɗan abin da ta sha, ta amayar. Uwarta ta ce mini: "Malam, mu kai yarinyar nan likita." Na ce: "Bari mu ga gobe." Na sayi ƙwayar sanyaya jiki wurin mai tebur, na tafi gona. Laraba ma haka aka wuni.

Daren Laraba ta kwanta tun magariba, cikinta babu komi. Uwarta ta dama kunu, ta so ta tashe ta. Ni ne na hana. Na ce: "Ƙyale ta, barci magani ne." Har yau maganar nan tana yi mini nauyi. Na fita wurin abokai, muka dafa shayi, muka sha har na uku. Sukarin da na zuba cikin butar shayi a daren nan ya fi cokali 10.

Da asuba kururuwar uwarta ta tashe ni. Na haska fitila. Auta tana kwance, ido rabi a buɗe, baƙin ya yi sama. Na kira ta, shiru. Na ɗaga hannunta na saki, ya faɗi kamar tsumma. Goshinta ya jiƙe da zufa, amma zufar mai sanyi ce. Ƙafafu ma sanyi. Can sai laɓɓanta suka soma rawa.

Ɗan'uwa, in ba ka taɓa ganin ɗanka haka ba, Allah ya sa kada ka gani. Ni da nake faɗa a ji cikin gidana, na tsaya kamar gungume.

Kafin ka ce mi, gida ya cika. Innata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wani ya ruga neman rubutu. Uwar yarinya ta ɗauko ludayin kunun jiya, ta ɗaga kan Auta, za ta ɗura mata. Sai wata maƙwabciyarmu ta riƙe mata hannu. Ta ce: "Yaya, kada ki ɗura! Wanda bai farka ba ba ya haɗiya. Huhu zai tafi." Ta juyo wurina: "Malam, akwai sukari a gidan nan?"

Matar nan ba likita ba ce, ba ta ma yi makaranta ba. Amma ta taɓa yin sati 3 da ɗanta a inda ake jinyar yara masu tamowa. Can ta ga ana ba yaro ruwan sukari tun daga ƙofa, kafin a yi mishi komi. Ta tambaya, aka gaya mata dalili, ta riƙe.

Na kawo ragowar sukarin shayi. Ta kwantar da Auta bisa gefenta. Ta ɗebi ƙaramin cokali guda, ba tuli ba, ta ɗiga mishi ruwa kaɗan har ya jiƙa. Ta buɗe bakin yarinya a hankali, ta sa sukarin ƙarƙashin harshe. Ta ƙulla mini sauran cikin leda. Ta ce: "Ku tafi yanzu. In kun yi kamar minti 20 a hanya, ku tsaya ku ƙara mata. Wannan ba magani ba ne. Guzuri ne, don ta kai likita."

Tsakaninmu da likita kilomita 12 ne, duk rairayi, ga ruwa ya kwana yana zuba. Mai babur ya ce jikka 3. Ban yi ciniki ba. Na hau bayanshi da Auta a ƙirjina, kanta a karkace, uwarta ta biyo mu a wani babur. Wurin wata tsamiya muka tsaya, na ƙara mata sukari da hannuna yana rawa. Kafin mu shiga gari na ji ta yi ɗan nishi, ta motsa ƙafa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin nishin nan ba.

Malamin likita bai tsaya dogon tambaya ba. Ya soki yatsanta, ya ɗiga jini bisa wata ƴar takarda, ya sa cikin ƴar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Lamba ta fito. Ni da kaina na karanta ta: 38. Na iya karanta lambar, amma ban san abin da take faɗi ba. Ya auna nauyin Auta, kilo 11. Ya nemi jijiya, ya tura mata ruwan sukari na likita. Ina tsaye ina kallo. Ba a yi minti 10 ba ta buɗe ido, ta fashe da kuka, ta ce: "Inna!" Uwarta ta zube ƙasa.

Gwaji na biyu ya nuna layi 2, wato masassarar cizon sauro ce, kuma mai tsanani. Aka yi mata allurar da ake kira artesunat. Aka sake bayan awa 12, aka sake bayan awa 24 da ta farko. Da ta iya haɗiya aka ba ta ƙwayoyi na kwana 3. Kwana 4 muka yi can.

A dare na biyu na sami malamin likita zaune shi kaɗai. Na ce: "Malam, don Allah fahimtar da ni. Mi ya haɗa sukari da masassara?" Abin da ya gaya mini shi ne zan gaya maka, da irin maganarmu ta manoma.

Duk abin da muka ci, tuwo ne, fura ce, rogo ne, ciki yana mai da shi wani irin sukari. Sukarin nan yana tafiya cikin jini. Shi ne itacen wutar jiki. Abin da ya yi saura, hanta tana ajiye shi. Ka ce hanta rumbu ce. Rumbun babba yana da girma, shi ya sa kake wuni da azumi ka kuma yi aiki. Rumbun ƙaramin yaro ɗan mitsitsi ne, ba ya kai shi nesa. Ita ko ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu nata. Abin da jini ya kawo mata, shi take ci nan take. In ya yanke, sai ta soma mutuwa kamar fitilar da mai ya ƙare.

To, dubi Auta. Kwana 2 ba abin da ya shiga rumbu. Zafin jiki yana cin sukari fiye da kullum. Ƙwayoyin cutar masassara da ke cikin jini su ma sukarin suke ci. Ɓarayi uku a kan rumbu ɗaya. Ni kuma na zo na ce barci magani ne.

Ya nuna mini lambobin. A irin na'urarshi, yaro lafiyayye da bai karya kumallo ba yana tsakanin 70 da 100. In ya sauka ƙasa da 45, haɗari ne. In yaron mai tamowa ne, tun daga 54 ake tashi tsaye, don shi rumbunshi dama wayam yake. Ya ce 38 ɗin da na karanta, bayan an ba ta sukari sau 2 ne. Ban tambaye shi nawa take da asuba ba. Ban so in ji ba. Ya ce in abin ya daɗe, yaro yana iya jijjiga, ya suma, ya rasu. Wani ya rayu amma ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Na ce: "To, dabarar nan ta ƙarƙashin harshe fa, ta tsofaffi ce?" Ya yi dariya. Ya ce likitoci sun gwada ta a kan yara a Bobo Julaso, ƙasar Burkina Faso, suka bayyana sakamako a 2005. Aka sake gwada ta a Sikaso, ƙasar Mali, a kan yara masu masassara mai tsanani, aka bayyana a 2008. Hukumar lafiya ta duniya ta sa ta cikin littafinta na jinyar yara, don lokacin da ba a sami jijiya da wuri ba. Ka ji, ba daga nesa abin ya fito ba. Ƙasashen maƙwabtanmu ne, yara irin namu.

Ga abin da na koya, ka riƙe shi. Yaro marar lafiya da ya bar cin abinci, ka sa mishi ido. In ka ga zufa mai sanyi, ko rawar hannu, ko jiki ya saki, ko barcin da kake tashe shi ba ya tashi, kada ka jira wayewar gari. In yana farke kuma yana haɗiya, mai shan nono a ba shi nono. Wanda aka yaye, a narka sukari ƙaramin cokali 4 cikin kofi guda na ruwa mai tsabta, wato gram 20 cikin mililita 200. A ba shi kamar kashi ɗaya cikin 4 na kofin, kurɓi-kurɓi, a kama hanya. In bai farka ba, ba a ɗura mishi komi. Ba ruwa, ba kunu, ba rubutu. A kwantar da shi bisa gefe, a sa jiƙaƙƙen sukari ƙaramin cokali 1 ƙarƙashin harshe, a tafi. In sukarin ƙwaya gare ka, ka murƙushe shi tukuna. Zuma kuwa, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Kuma ko yaro ya farka a hanya ya soma wasa, kada ka juya gida. Sukari bai kashe cutar ba, ba da jimawa zai sake sauka.

Akwai wani laifina da ban faɗa ba. Tun 2013 aka soma raba maganin rigakafin masassara a Nijar da damina, ga yara masu wata 3 zuwa shekara 5. Kowane wata kwana 3 ake sha. Ranar farko masu rabo ke ba yaro da hannunsu. Sauran kwana 2 aikin gida ne. A watan Yuli Auta ta sha na farko, ta yi kuka don ɗaci. Na ce a bar ta. Da muka komo daga likita na tarar da ƙwayoyin nan 2 cikin gwangwani, bisa katanga. Na daɗe ina kallonsu. Tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Amma babur ba kyauta ba ne, abincin masu jinya ma haka. Zabi 3 na sayar, gona ta yi kwana 5 ba kowa.

Auta ta warke, amma mu ba mu warke da wuri ba. Wata guda ban yi barcin kirki ba. Sau 3, sau 4 nake tashi cikin dare in taɓa goshinta. In ta yi barci mai nauyi sai in girgiza ta, ta tashi tana kuka, uwarta ta ce: "Malam, kai ne za ka sa mata ciwo yanzu." Ita ma uwar ba ta fi ni ba. Ta shiga zuba sukari cikin duk abin da yarinya za ta sha. A gari kuma magana ta bazu, wai ɗiyar wane ta kamu da ciwon sukari.

Da muka koma awo na gaya wa malamin likita duk wannan. Ya ce ciwon sukari wani abu ne daban. Shi can sukari ne ke yin yawa cikin jini, ita nata ƙarewa ya yi don ciwo da yunwa. Ya ce lafiyayyen yaro da ya ci tuwon dare ba ya buƙatar a tashe shi. Ya ce a bar ɗura mata sukari, yana kashe mata cin abinci, yana ɓata haƙora. Kunu mai ƙuli-ƙuli ko madara, wake, ƙwai in an samu, sun fi riƙe ta. Ranar da ba ta da lafiya ne ake bin ta da abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ko da dare, ko tana ƙi.

Innata kuwa, har yau tana cewa addu'a ce ta tashi yarinya. Ba na musu da ita. Na dai ce mata: "Inna, addu'ar ce ta kawo mana maƙwabciya." Ta yi shiru. Bayan kwana biyu na ga ta ƙulla sukari cikin tsumma ta sa ƙasan tukunyarta.

Ni ma ina da nawa. Gwangwani ne mai murfi, da ƙaramin cokali a ciki, rataye a bayan ƙofa. Na rubuta a jikinshi da hannuna: "Ba na shayi ba." Abokaina sun yi mini dariya. Amma da damina ta zagayo, ɗaya daga cikinsu ya buga mini ƙofa tsakar dare, ya karɓi gwangwanin, muka raka shi har likita.

Auta yanzu ta shiga makaranta. Ba ta tuna komi daga ranar nan, sai abin da ta ji ana faɗi. Amma ta san inda gwangwani yake. Kwanan baya na komo daga gona, na tarar da ita kwance bisa tabarma, ta rufe ido, ta saki hannu. Gabana ya faɗi. Sai ta buɗe ido ɗaya, ta ce: "Baba, sukarina ya sauka."