Asabar Ɗin Fijo a Gidanmu

A 1988 mahaifinmu ya sayi farar Fijo 504 a gwanjon tsofaffin motocin gwamnati a Kaduna. Ƙirar 1979 ce, ta riga ta sha hanya, kujerar direba ta lotsa, fentin bonet ya koɗe. Baba malamin sakandare ne, kuma a wancan lokacin sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Tun da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986 naira ta karye, dalar da a baya ba ta kai naira guda ba ta koma wajen naira 4, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A lokacin a Kakuri, nan kusa da mu, ake harhaɗa Fijo, tun 1975. Mukan ga sababbi suna fitowa a jere, amma tamu ita ce wannan tsohuwar, kuma Baba ya yi murna da ita ƙwarai. Ya ce mugun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ya san albashinsa ba zai ɗauki zaryar gareji ba, don haka ya nemi wani dattijo maƙwabcinmu da ya taɓa aiki a masana'antar Kakuri, wanda mu yara muke kira Kawu. Baba ya ce masa, "Alhaji, ba gyara nake so ka yi mini ba, koya mini nake so ka yi." Kawu ya amsa, "To Malam, ka sayi sifanu masu kyau da littafin rubutu, ka kuma ba ni yaron nan ya riƙa miƙo kaya." Ni ne yaron.

Darasin farko ba a taɓa ko sifana ba. Kowace safiya, kafin a tayar da mota, sai a zaro sandar auna baƙin mai a goge a mayar a sake dubawa, a leƙa ruwan lagireto, a zagaya tayoyi, sannan a durƙusa a dubi ƙasan inda ta kwana. Ɗigon baƙi na inji ne, mai ƙaurin nan kuma mai kauri na giya ne, wanda ya zubo ta bayan taya kuwa man birki ne, kuma in aka gan shi motar ba ta fita ranar. A littafin Baba yakan rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka canza. Duk kilomita 5,000 ake yin juye, lita 4 na baƙin mai. Tsohon man ma ba ya tashi a banza, maƙwabta na karɓa su shafa wa katako saboda gara.

Asabar bayan karin kumallo ita ce ranar babban aiki, a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Injin 504 a kishingiɗe yake, fulogoginsa huɗu suna can cikin ramuka masu zurfi, sai da doguwar sifana ake kai musu. Kawu ya koya mana karanta su. Fulogin da bakinsa ya yi ruwan ƙasa lafiya lau yake. Wanda ya yi baƙin toka, kafireta ce ke ba da fetur fiye da kima. Wanda ya jiƙe da mai, ringi ya fara gajiya. Sai kwantak, ɗan ƙaramin ƙarfen da ke katse wuta don fulogogi su yi tartsatsi: a goge bakinsa, a saita tazararsa da ma'auni, milimita 0.4. In aka yi daidai, murɗawa ɗaya motar take tashi.

Yanayin shekara shi ke tsara aikin. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don haka kullum muna cikin wanke matatar iska, kuma da sanyin asuba batir mai rauni ke tona asirin kansa, shi ya sa ake ƙara masa ruwan batir, a kankare farin gishirin da ke taruwa a kawunansa. Da bazara hankali na komawa kan lagireto da fanbel. Baba ya hana a zuba ruwan rijiya saboda yana barin tsatsa da kanwa a bututai, kuma ko kusa ba a buɗe murfin lagireto yayin da inji ke tafasa. Da damina kuwa laima ce ke shiga murfin kwantak ta kashe wuta, sai a buɗe a goge da busasshen tsumma.

Aikin da ya fi zauna mini a rai shi ne fitar da iska daga birki, don ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Ina kan kujerar direba, ƙafata da ƙyar take kaiwa birki, Baba yana ƙasa wajen tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki. Kafin ya shiga sai ya tokare motar da kututture, domin Kawu ya yi masa kashedi cewa ba a amince wa jak shi kaɗai. Sai in ji muryarsa daga ƙasa: "Taka! Taka! Riƙe!" In danne, ya kwance noti, kumfa ta fito, ya ɗaure, ya ce, "Saki." Ranar da na fara yi, bayan mun gama ya ce da ni, "Ka ga, ran duk wanda zai shiga motar nan yau ya bi ta ƙafarka." Ban ƙara yi wa aikin birki garaje ba har na girma.

Kayan gyara a Panteka muke nema, wani lokaci Baba ya ba da sautu Ƙofar Ruwa a Kano. Yakan tafi da tsohon abin a aljihu ya gwada da sabon, kuma ya fi son na asali ko da na hannu ne a kan sabon jabu mai araha. Akwai kuma iyakar da ba ya ƙetarawa. Da gaskit ɗin kan inji ya ƙone, da lokacin da kuloci ya ƙare, gareji ya kai ta, ya zauna a gefe yana kallo yana tambaya har aka gama.

Shekarar 1994 ce ta gwada mu. Ma'aikatan man fetur sun shiga yajin aiki a watan Yuli, gidajen mai suka bushe, motoci suka riƙa kwana a layi. Man galan na bakin titi sau da yawa gauraye yake da kananzir ko datti. Motoci da dama a unguwarmu suka kwanta. Mu kuwa sai mu tace man da farin ƙyalle kafin a zuba, da yamma Baba ya kwance kafireta a kan faranti, ya wanke, ya hure ƙananan ƙofofinta, ya mayar. A cikin wannan hali ne naƙuda ta kama matar wani maƙwabci da tsakar dare, motarmu ce kaɗai ta tashi a layin, ita ta kai ta asibiti aka sauka lafiya.

Kowace Sallah takan ɗauke mu zuwa gida ta Zariya da Funtuwa har Malumfashi, but ɗinta ɗauke da fanbel na ajiya, kwantak, fulogi, waya da jarkar ruwa. Sau da yawa ba mu muke amfana da kayan ba, wani ne da muka tarar a gefen hanya bonet a buɗe.

A 2003 Baba ya sayar da ita ga wani direban haya, ya haɗa masa da littafin. Motocin da muke hawa yanzu suna da kwamfuta, ba kwantak ba kafireta, wata matsalar sai an jona na'ura ake gane ta. Amma baƙin mai da ruwa da birki da taya suna nan yadda suke, kuma yawancin injinan da nake gani sun buga, sakaci da waɗannan ne ya kashe su. Shi ya sa ɗana da 'yata, kafin in ba kowannensu makulli, sai ya iya auna mai, ya canza taya, ya kuma faɗa mini abin da ɗigon ƙasa yake nufi.